Farautar Furen Daji da Waya a Damagaram

Furen daji a Damagaram ba ya jiran kowa. Ruwan da muke samu a shekara kimanin milimita 400 ne, shi ma kusan duka a Yuli da Agusta da Satumba yake zuba. A cikin waɗannan 'yan makonni ne kowace ciyawa za ta tsiro, ta yi fure, ta zubar da iri, kafin iskar gabas ta taso ta busar da komai. Wasu furannin ma ko yini ɗaya ba sa kaiwa: su buɗe da asuba, kafin azahar sun yanƙwane. Saboda haka mai son ɗaukar hotonsu, sammako da sanin lokaci su ne jarinsa, tsadar waya daga baya take zuwa.

Ba mu da irin manyan lambunan shaƙatawar nan da ake gani a hotunan biranen Turai, masu ciyawa a aske da furanni a jere. Namu wurin yawon shi ne duwatsun Birni, wato tsohuwar unguwar gari, da bakin tabkuna, da burtali, da gefen gonakin da suka kewaye gari. Ni kuwa a wurina sun fi, domin ba wanda ya shuka abin da ke cikinsu, ba kuma wanda ke ba shi ruwa sai Allah. A farkon Satumba na bi wannan hanya, daga kan duwatsu na gangara tabki, daga tabki na nufi gonaki, a safiyar da aka kwana ana ruwa.

Shirin tun da dare ake yin sa. Na cika waya da caji tun wuta na nan, na share tarin bidiyoyin da ake turowa a WhatsApp don a samu wuri, na shiga saitin kamara na kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara. Na sa tsumma mai laushi na goge idon kamarar, abin da mutane da yawa ba sa kula da shi, alhali ƙura da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya fito da hazo ko da wayar sabuwa ce. Sai takalmi rufaffe da wando mai kauri, domin silifa ba ta iya wa tsidau da ƙarangiya. Sai gorar ruwa, da ɗan littafin rubutu da bik, da wani kwali da na yanko daga katon, gefe guda na liƙa masa farar takarda, ɗaya gefen na lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Ɗan ƙanwata, wanda hutun lakwal bai ƙare masa ba, shi ya ce zai riƙe mini kwalin.

Muna fitowa daga sallar asuba muka hau kabu-kabu zuwa Birni. Da sanyin safe ake kama fara. A wannan lokaci na shekara rana tana fitowa ne ƙarfe 6 da 'yan mintoci, kuma awa ɗaya ta farko ita ce mai albarka, saboda hasken yana zuwa ne ta gefe, a kwance, yana fito da tudu da kwarin kowane abu. Muka hau dutse a hankali, don dutsen da ya sha ruwa santsi gare shi. Daga sama garin ya shimfiɗu a gabanmu: rufin soraye da zankayensu, hasumiyar babban masallaci ta wajen fadar Sarkin Damagaram, itatuwan dogon yaro sun yi kore shar, ga kuma manyan duwatsun nan a tsakanin gidaje kamar raƙuma sun gurfana. Can da can ana hango guntayen ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, a tsakiyar ƙarni na 19. Wannan gari shi ne ya riƙe hedikwatar mulkin mallaka ta Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma tsohon sansanin Faransawa yana nan a kan tudunsa, soja ne a ciki. Na gaya wa yaron tun kafin mu fara: wancan gefen ba a nuna shi da waya, ko da wasa. Haka ma ƙofar fada da gidajen mutane, sai an yi sallama an nemi izini.

Hoton fili yana da wata matsala da ido ba ya gani sai an dawo gida. Abin da ya cika maka ido a kan dutse, a waya sai ya koma wani siririn layi tsakanin sama da ƙasa. Maganinsa a samu wani abu na kusa a sa shi a gaban hoton, ya ja ido zuwa ciki. Na sami wata tsaga a jikin dutse da ciyawa ta fito a cikinta, na durƙusa na sa ta a ƙasan hoton, garin ya zauna a bayanta. Na daidaita bakin sama da ɗaya daga cikin layukan nan don kada garin ya karkace, na taɓa gajimare a fuskar waya don ta auna haske da shi, in ba haka ba sama za ta fito fari fat, babu launi. Sannan na ce wa yaron ya je ya tsaya a kan wani dutse can nesa. Da mutum a jikinsa ne mai kallo zai san girman dutsen.

Ruwan daren ya taru a wani kwarmi a kan falalen dutse, faɗinsa bai kai taku biyu ba. Na juya wayar kai ƙasa, yadda idon kamara zai kusa taɓa ruwan, sai ga sama da gajimare da ƙeyar dutse duka sun kwanta a ciki. Wannan dabara ta juya waya ita ce na fi amfani da ita a duk yawon, domin idon kamara a saman waya yake, furanninmu kuwa yawancinsu a ƙasa suke. Abu ɗaya dai: ba a cusa hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse da damina. Kunama da maciji nan ne makwancinsu.

Furen farko a gindin dutse muka same shi, ta gefen da inuwa take, inda ƙasa ke da laima. Balasa ce. Wanda ke tafe a tsaye ba zai ga komai ba sai ciyawa mai yaɗo, amma in ka sunkuya sai ka tarar da fure shuɗi tsantsa, falle biyu a sama a buɗe, wani ƙarami a ƙasa da kyar ake ganinsa, da 'yan zarurruka masu rawayen kai a tsakiya. Duka furen bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Da ita na fara don na san ba ta kai wa azahar. Na matso da waya, hoton ya yi dishi-dishi, na ɗan ja baya sai ya fito tar. Yawancin wayoyinmu ba sa iya kama abin da ya fi kusa da kimanin santimita 10, in dai ba masu ido na musamman don ƙananan abubuwa ba ne. Gara ka tsaya inda ta kama, daga baya ka yanke gefen hoton, da ka sa yatsu biyu ka jawo, domin jawowar nan ba ta ƙara komai sai farfasa hoto. Na danna kan furen na riƙe har waya ta kulle saitinta a wurin, sannan na ja alamar ranar nan ta rage haske ƙasa kaɗan, shuɗin ya ƙara zurfi.

Sai iska. Ba ta da ƙarfi, amma ga fure mai siririn kara ko numfashinka ya isa ya kaɗa shi.

“Kawu, ta ina zan tare?”

“Ta yamma, daga can take busowa. Sauke shi ƙasa sosai. Yawwa. Kada inuwarka ta faɗa kansa.”

Ya kafa kwalin, farin gefen yana fuskantar furen, ya tare iska kuma ya maido da ɗan haske cikin inuwar. Na dafa gwiwar hannu a ƙasa, na riƙe numfashi, na jira tsakanin kaɗawa da kaɗawa. Ba a ɗaukar guda ɗaya a tashi. Ana jera su ne da yawa a lokaci guda, domin a ciki ne za a tsinci wanda furen ya tsaya cak.

Tsidau ba ya bukatar nema, shi ke neman mutum. Duk wanda ya yi yawo ba takalmi yana yaro ya san shi, masu keke ma sun san shi. Amma mutum nawa ne suka taɓa duban furensa? Yana shimfiɗe a kan rairayi a bakin hanya, ganyensa ƙanana a jere bibbiyu, masu laushin gashi, furen kuma rawaya mai falle biyar, a buɗe yana kallon sama. A safiyar nan kowane gashi na ganyen yana ɗauke da ɗigon raɓa. Na shimfiɗa kwalin na durƙusa a kansa, na zagaya ta yadda rana za ta kasance a bayan furen, tana fuskantata, na sa tafin hannu na yi wa idon kamara rumfa. Hasken ya ratsa fallayen, jijiyoyinsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, ɗigon raɓar nan suka kama wuta. Rawaya launi ne mai saurin ƙonewa a waya, yakan koma dunƙule guda ba tsari, don haka na rage haske fiye da yadda na yi wa balasa. Kusa da furen akwai ɗan ƙayar tana ɗanya, koriya, ƙahonninta ba su riga sun yi tauri ba. Na haɗa su a hoto ɗaya da gangan. Ina son mai kallo ya ga cewa uwa ɗaya ta haife su.

A wani fili da ake zubar da shara muka iske tumfafiya, ita kam a tsaye ake ɗaukarta. Furenta a dunƙule yake fitowa, kowanne falle biyar masu kauri, fari daga waje, bakinsu shunayya, da wani ɗan rawani a tsakiya. A kan wani ganye ga wata fara ta lafe, farar tumfafiya wadda ba a ci, ba ta ko motsa ba har na gama da ita. Na hana yaron karya reshe, domin farin nonon nan in ya shiga ido yana iya yin mummunan lahani. Baƙin gefen kwali ya yi aiki a nan: ya riƙe shi a bayan furen da ɗan nisa, bango da shara suka ɓace.

Maganar shara kuwa sai na tsaya a kanta. Baƙar leda ta zame mana annoba. Tana rataye a ƙayar bagaruwa, tana binne a rairayi, awaki suna ci tana kashe su. In hoton fure ɗaya nake ɗauka, nakan tsince ledar da ke kusa in zuba a buhu, don ba ita nake nema ba. Amma a hoton fili ba kullum nake kauce mata ba. Wasu hotunan na bar ta a ciki, yadda take. Ba na son in tara hotunan wani Damagaram mai tsabta da babu shi, jikokinmu su zo su ɗauka haka muka bar musu.

Bagaruwar da kanta tana cikin fure, 'yan ƙwallaye rawaya masu ƙamshi, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Wannan itace da 'ya'yansa majeman garin nan suke jeme fata, fatar da ta yi wa Damagaram suna a aikin dukanci. Na ɗauke ta daga ƙasa, shuɗin sama a bayanta, muka wuce.

Tabkin da muka nufa yana bakin gari, irin wanda ke cika da damina ya ƙafe da rani. Mutumin Damagaram ba ya ganin ruwa kwance haka bai tsaya ba, garin da tun kaka da kakanni yake fama da ƙishi, har sai daga Gogo da Arunguza ake janyo masa na sha. Bado ya rufe gefe guda na tabkin. Farin bado da dare yake buɗewa, ya kai hantsi sannan ya rufe, shi ya sa ban bari rana ta yi nisa ba. Matsalarsa nisa: yana cikin ruwa, kai kana gaɓa. Ban shiga ba, ban kuma bar yaron ya shiga ba, don ruwan tabki irin wannan shi ke kawo tsargiya. Na zagaya har na sami inda furanni suka fi matsowa bakin gaɓa, na koma kan ido na biyu na wayar, mai kusanto da abu ninki biyu ba tare da ya farfasa shi ba. Fari a kan ruwa mai duhu yana rikita waya, takan haska ruwan ta ƙone furen. Na taɓa furen, na rage haske har ruwan ya koma kusan baƙi, sai fallayen suka rabu da juna, rawayen tsakiya ya fito.

Wasu yara da ke kiwon awaki suka taho kallo. “Malam, mu tsinko maka? Ka ɗauka a hannu, ya fi sauƙi.” Na yi musu godiya na ce su bar shi. Bado in ya rabu da ruwa ba ya daɗewa yake langaɓewa, kuma furen da aka tsinke ba zai yi 'ya'yan da su da kansu za su zo nema gaba ba. Na nuna musu abin da na ɗauka, suka yi ta ture juna suna leƙe.

A gaɓar kuma duman kada ya yaɗu, ganye masu faɗi da manyan furanni shunayya masu buɗaɗɗen baki. Makiyaya ba sa son dabba ta ci shi, yana sa ta tangaɗi. Launinsa na daga cikin waɗanda waya ke yi wa ƙarya, takan mayar da shi shuɗi-shuɗi. Na sa farin kwalin a gefen hoton, wayar ta gyara launin da kanta, daga baya na yanke kwalin.

Daga nan ne yawon ya sauya. A hanyar gonaki muka iske wata dattijuwa a sunkuye, da ƙwarya a gefenta, tana tsinkar ganye.

“Ina kwana, Inna. Sannu da aiki.”

“Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Me kuke nema a ƙasa tun ɗazu, wani abu ya faɗi?”

Na ce furanni nake ɗauka hoto. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce to ai ga su nan birjik, wanne na sani a ciki? Na nuna tafasa. Ta ce wannan ko jariri ya san ta, wancan fa? Na ce ita ma tafasa ce babba. Ta girgiza kai, ta tsinko ganyen biyu ta ɗora a tafin hannunta. Na tafasa bakinsa a zagaye yake, ganye shida bibbiyu a kara ɗaya. Ɗayan kuwa mai tsini ne, ya fi yawa a kara. Ta murza shi ta miƙo mini, wani wari ya bugi hancina. “Rai ɗore ke nan. Furensu duka rawaya, amma wannan ba ta shiga ƙwaryata.” Da na tsaya a hoton fure kaɗai, da ba abin da zai raba mini su.

Tun daga nan kowane tsiro sai na yi masa hoto kashi uku: furen daga kusa, ganyen da yadda ya jeru a kara, sannan tsiron gaba ɗaya a inda ya fito, har da 'ya'ya in akwai. Na farkon shi ne na kallo, sauran biyun su ne shaida. Akwai manhajoji irin su PlantNet da za ka nuna wa hoto su ba ka sunan da masana kimiyya ke kiran tsiro da shi, kuma suna da amfani. Amma ba za su gaya maka ana cin sa ko ba a ci ba, ko yadda ake dafa shi, ko wace dabba yake kashewa. Wannan ilimi yana hannun mata masu tsinkar ganye da makiyaya da manoma, kuma ina ganin yara masu tasowa ba sa karɓarsa yadda ya kamata.

Ta bi da mu gefen gonar tana nunawa ina rubutawa. Ga gasaya, furenta fari a saman kara, da dogayen zarurruka da suka zarce fallayen suka bazu, ganyenta biyar-biyar. Ta ce sai an tafasa ta an zubar da ruwan ɗacin kafin a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ga yaɗiya ta nannaɗe wani ɗan kalgo. Ga yoɗo, wanda wasu ke ce wa karkashi, na miyar yauƙi, mata kuma suna wanke kai da shi. Furen yoɗo ya ba ni aiki, domin a sunkuye yake, bakinsa na kallon ƙasa, daga sama ba ka ganin komai sai ƙeyarsa. Na kwanta rub da ciki a kan rairayi, na juya waya kai ƙasa na cusa ta ƙarƙashinsa, ina leƙen fuskarta ta gefe. Ashe a cikin bakin furen akwai wasu layuka masu duhu da suka taso daga can ciki suka gangaro kan leɓen ƙasa, a kan ruwan hoda mai haske. Ina riƙe da wayar wata ƙaramar zuma ta sauka a kan leɓen, ta bi layukan ta shige ciki, ta fito da gari a bayanta.

Na roƙi Inna in ɗauki hotonta. Ta ce fuska a'a, amma hannu ga shi. Na ɗauki hannayenta a kan ƙwaryar tafasa, da guntun lalle a farce, na nuna mata. Ta yi dariya ta ce ashe hannun ya tsufa haka. Na sayi ganyen da ta tara, muka yi sallama tana sa mana albarka.

A burtali garmani ya cinye ko'ina. Furensa rawaya ne mai haske, ganyensa mai laushi, yana kyau a hoto, amma dabba ba ta damu da shi ba, kuma duk inda ya kama sai ya kori ciyawar kiwo. Na ɗauke shi a faɗi, don a ga iyakar inda ya mamaye.

Abin da ya fi komai ɗaukar ido a ranar a cikin wata gonar hatsi yake. Daga nesa muka hango wani launi tsakanin shunayya da ruwan hoda ya malale a gindin karare, furanni a jere a kan dogayen tsinke, kyakkyawan gaske. Mai gonar yana ciki da hauya. Muka yi sallama daga bakin iyaka, don ba a faɗa wa gonar mutum haka kawai, balle hatsi ya fitar da kai.

“Baba, barka da hantsi. Ko za ka yarda in ɗauki hoton furen can?”

Ya bi hannuna da kallo, ya yi shiru ɗan lokaci. “Malam, abin da ke kashe mini hatsi kake so ka yi wa hoto?”

Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Na ce na san shi, kuma ba don in yabe shi ba ne. Ya ce in shigo, amma in bi bayansa. Ya kai ni inda ya fi yawa. Hatsin wurin gajere ne, ganyensa ya yi rawaya, wani ma bai fitar da kai ba, alhali taku kaɗan daga nan karare sun fi tsayina. Ya sa hauya ya haƙa a hankali, ya ɗago gindin hatsi da ƙudujin tare, ya kakkaɓe rairayin. Ya ce in matso in gani. Fararen saiwoyin ƙudujin sun manne a jikin saiwar hatsin, kowanne da ɗan kumburi a inda ya kama. Ta nan yake tsotse ruwa da abincin hatsi, kuma yana fara wannan aiki tun yana ƙarƙashin ƙasa, makonni kafin ya leƙo. Ranar da manomi ya ga fure, an riga an yi ɓarnar. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana ƙwarai, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar hatsi ko dawa ta zo kusa da shi.

“In hoto za ka yi, wannan za ka yi,” in ji shi. “Furen kowa na gani. Nan ne ba a gani.”

Ya riƙe gindin a tafin hannunsa, yaron ya sa baƙin kwali a baya, na matsa da su inuwar karare don rana ta fara zafi. Na kulle saiti a kan mahaɗar saiwoyin. A hoton ana ganin kaushin hannunsa, da rairayi a tsagar yatsu, da farar saiwa a maƙale da ja, can sama kuma furen ya yi dishi-dishi. Na ɗauki furen shi kaɗai ma, ya yi kyau ƙwarai, amma na ƙudura ba zan taɓa sa shi a gaban mutane ba tare da na saiwar a gefensa ba.

Ya ce shi dai abin da yake yi shi ne tuge shi kafin ya yi iri, ya tara ya ƙone, ya kai taki gwargwadon hali, ya haɗa da wake. Sannan ya nuna mini wani gawo a tsakiyar gonar, tsirara ba ganye ko ɗaya, kamar yadda gawo yake yi da damina. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsayi da duhun ganye. Ganyen da ya zubar ya zama taki, ga shi ba ya tare wa shuka rana, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani kuma sun bar nasu a wurin. Tun daga shekarun 1980 manoman wannan yanki, Miriya da Matamaye da Magariya, suka koma barin 'ya'yan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona suna yi musu gyara, abin da ake kira sassaben zamani. Na ja da baya sosai na ɗauki gawon da hatsin da ke gindinsa da wanda ke nesa da shi a hoto ɗaya, yadda bambancin zai faɗi kansa.

Wajen ƙarfe 10 rana ta miƙe, haske ya koma daga sama, inuwa ta yi kauri, launuka suka koɗe. Balasar da muka gani a hanyar dawowa ta fara naɗewa. Muka zauna a gindin wata tsamiya muka cire ƙarangiya daga wanduna, muka sha ruwa, muka nemi kabu-kabu.

Aikin gida bai da yawa amma ba a ɗaga shi. A ranar nake zaɓe, tun ina tuna wanne ne wanne. Kowane hoto nakan buɗe shi in faɗaɗa tsakiyar furen, in ba ta fito tar ba in share, komai kyan sauran. Gyara kaɗan nake yi: yanke gefe, daidaita karkata, ɗan ɗaga inuwa. Ba na ƙara wa launi ƙarfi, domin wanda zai je neman yoɗo da hotona ya kamata ya gane shi in ya gan shi. Sannan kowane hoto in rubuta masa suna da wuri da wata, da abin da aka gaya mini a kansa. In zan tura wa wani ta WhatsApp nakan tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura shi kai tsaye manhajar tana matse shi, 'yan gashin ganye da layukan fure su ɓace. Na saiwar ƙudujin na tura wa ɗan mai gonar, kamar yadda uban ya nema.

Sauran furannin kowanne da lokacinsa. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba kyasuwa za ta fitar da kai ja-ja a gefen gonaki, ita da yamma ake ɗaukarta, rana na bayanta. Gawo sai damina ta ɗauke zai yi ganye ya yi fure. Tumfafiya kusan duk shekara ana samunta. Furen kuka kuwa ya riga ya wuce bana, sai farkon damina mai zuwa, kuma kukokin Miriya, kimanin kilomita 18 daga nan, su na sa a gaba. Da magariba yake buɗewa, fari, a rataye kai ƙasa, jemagu ne ke ziyartarsa da dare, kashegari ya fara baƙi ya faɗi. Wannan sai an je da tocila, wani ya haska ta gefe, domin fitilar waya daga gaba take bugu, tana shafe fallayen su koma fari guda.